Kafin Ka Gaya Wa Mai Bindigar Nan Kuɗinta

Ɗana, na ga hotunan da ka turo, na kuma saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce wani bawan Allah ne ya kawo tsohuwar bindigar farauta da suka gada daga kakansu, wadda aka ce wani Bature ya bar masa da zai koma gida. Yana so a gaya masa wa ya ƙera ta, kuma nawa za ta yi a yau. Ka ga an rubuta Army & Navy C.S.L. London a gadon bayan bututun, ga kuma lamba .275, shi ne kake tambaya ko sojan Ingila ne suka ƙera ta, da kuma ko ka fara goge tsatsar kafin in dawo.

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ta hana ni zama. Kada ka goge. Kada samfefa ko burushin waya su kusance ta, kada kuma ka shafa wa icen fenti ko banish. Ina yaro kamarka an taɓa kawo wa maigidana wata irinta, na ɗauka gwaninta zan yi, na murje ta har tana ƙyalli kafin ya dawo daga masallaci. Da ya juya ta ya ga ƙananan tambarin da ke jikin ƙarfen sun shafe, bai yi mini faɗa ba, ya dai ce na share wa baiwar Allah asalinta. Har yau abin yana cina. Abin da na yarje maka shi ne ka ja sakatar baya, ka leƙa da idonka, ka sa yatsa ka tabbatar babu harsashi a ciki ko a gidan harsashi, sannan ka shafa mata mai kaɗan da tsumma mai laushi. Ka kuma nemi ganin lasisinta tun yau. Dokar bindigogi ta 1959 ba ta san gado ba, kuma bindiga mai sakata irin wannan ba a ɗaukar ta kamar adaka. In babu takarda, ba za ta kwana a shagonmu ba, sai ya je wajen 'yan sanda ya daidaita zancenta.

To, batun sunan. Ba soja suka ƙera ta ba. Army & Navy kanti ne, wanda wasu hafsoshi suka haɗa kuɗi suka kafa a Landan a 1871 don su riƙa sayen kaya da sauƙi, a titin Victoria. Komai suna sayarwa, daga shayi da tanti har gadon tafiya da bindiga, kuma Turawan mulki da yawa a can suke haɗa kayansu kafin su shiga jirgin ruwa. Shi ya sa labarin Baturen bai ba ni mamaki ba. Amma su ba maƙera ba ne. Odar bindiga suke bayarwa, galibi ga maƙeran Birmingham, a ƙera a buga sunan kantin a kai. Kamar dai hular da ka saya a Kwari ce: sunan mai shago ka sani, wanda ya zauna ya ɗinka ta yana can wani gari. Saboda haka sunan da ke sama mai sayarwa ya nuna maka. Maƙerin sai ka leƙa ƙasa.

Ga yadda za ka yi. Ka sami sukundireban da bakinsa ya cika tsagin notin daidai, in babu ka wasa ɗaya har ya zauna, don noti mai taunannen kai shi ne abin da mai saye yake fara gani. Ka kwance notuna biyun da ke riƙe da ƙarfen a jikin ice, ka ɗaga ƙarfen a hankali. Can ƙarƙashin bututun, kusa da inda ya haɗu da gidan sakata, za ka ga ƙananan tambari a jere. Ka shafa alli a kai ka share da yatsa, sai su fito fes, ka ɗauki hoto da hasken rana ta gefe.

Waɗannan tambarin su ne shaidun da ba a saye su da daɗin baki ba. A Ingila doka ce, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an ɗura mata abin da ya fi ƙa'ida an harba, in ta jure a buga mata hatimi. Gidajen biyu ne: na Landan, wanda ƙungiyar maƙeransa ta samu izini tun 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. In ka ga kambi a kan BV, da BP, da NP, ta Birmingham ce, tsakanin 1904 da 1954. In BNP ne a haɗe ƙarƙashin kambi, bayan 1954 ke nan, ka ga labarin kaka ya fara matsowa kusa da 'yancin kai. Na Landan kuwa kambi ne a kan G da P da suka sarƙe, da kambi a kan V, sai wani hannu riƙe da takobi a saman NP. Ka duba da kyau ko akwai wasu 'yan sanduna biyu da suka gitta juna da haruffa a tsakaninsu. Daga 1921 Birmingham suka fara buga irin wannan mai harafin da ke nuna shekarar gwaji. Tsofaffin kan zo da nauyin albarushi da na harsashi a rubuce, na bayan 1954 kuma ƙarfin matsi ake rubutawa da tan. Kambi a kan R yana nufin an sake gwada ta, wato wani ya taɓa yi mata babban aiki.

Akwai wani rubutu da nake so ka nema musamman: NOT ENGLISH MAKE. Daga 1925 zuwa tsakiyar shekarun 1950 suna buga shi a kan bindigar da aka ƙera a waje aka kawo Ingila gwaji. In ka same shi, ka nemi tambarin ƙasarta ta asali. Jamus kambi ne a kan B, da U, da G, wani lokaci da N, kuma maƙeran garuruwan Suhl da Zella-Mehlis sukan buga wata da shekara da lambobi. Beljiyam kuwa ELG ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai, na garin Liège.

Daga hoton da ka turo, sakatar ƙirar kamfanin Mauser na Jamus ce ta 1898, ga dogon farcen da ke jawo kwanso a gefenta. Wannan bai sa bindigar ta zama ta Jamus ba. Maƙeran Ingila da yawa daga Oberndorf, garin da masana'antar Mauser take, suke sayo gidan sakata, su ɗora nasu bututun da nasu icen. Kamfanin Rigby ma ya daɗe yana wakiltar Mauser a Ingila kafin yaƙin duniya na farko. Abin dubawa shi ne ko gidan sakatar sabo aka saye shi don farauta, ko kuwa na tsohuwar bindigar soja ne aka gyara. Na farauta yakan zo da sunan masana'antar a bangon hagu, an rubuta shi tsaf, Waffenfabrik Mauser a tsofaffin, Mauser-Werke daga 1922. Na soja za ka ga ƙananan tambarin masu duba kaya a kusan kowane ƙarfe, a saman zoben gaba kuma sau da yawa akwai alamar an kankare wani abu. Bayan yaƙe-yaƙen nan biyu an mayar da dubban bindigogin soja na farauta, wasu da hannu mai kyau, wasu kuwa aikin a-ci-a-tashi. Tsakanin waɗannan biyun kuɗi ya sha bamban ƙwarai. Ka kuma gwada lambar da ke jikin sakata da ta gidanta. In sun saba, an taɓa musanya sakatar, kuma ba za a harba ta ba sai an auna.

Lambar .275 ɗin ma kada ka yi saurin yarda da ita. Yawanci sunan da Ingilishi suka ba harsashin Mauser 7x57 ne, wanda wani maharbi Bature mai suna Bell ya kashe ɗaruruwan giwaye da shi a Gabashin Afirka. Amma maƙeran Landan Holland & Holland suna da nasu .275 ɗin daban, mai dogon kwanso da ɗamara a gindi, ga shi kuma a shekara tamanin ko ɗari wani zai iya faɗaɗa mazaunin harsashin bai rubuta ba. In na dawo za mu toshe bututun, mu narka farar wuta mu zuba a mazaunin harsashin, ta daskare mu fitar mu auna. Kafin nan ko harsashin da mai ita ya kawo ya shiga daidai, kada wanda ya ja kunamarta.

Wani abin daɗi game da wannan kantin shi ne littattafan cinikin bindigoginsu ba su ɓata ba. Suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Jami'ar Glasgow, ana rubuta musu da lambar bindiga a biya ɗan kuɗi su duba. Sau da yawa akan samu ranar da aka sayar, da sunan wanda ya saya, da kuɗin da ya biya, har da maƙerin da ya kawo musu ita. Lambar kantin za ka tura, wadda takan kasance a bututu ko a ƙarfen da ya kewaye kunama, kada ka rikita ta da lambar Mauser da ke ƙasa. In sunan da ya fito na wani Di'o ne ko Razdan da aka san ya yi aiki a lardinsu, labarin gidan ya samu takarda. Labarin baki ni ina girmama shi, amma mai saye ba ya biyan ko sisi a kansa.

Sai kuɗi. Na san shi mai ita yake jira, kuma na san bakinka yana ƙaiƙayi. Kada ka faɗi adadi. Suna yana da nasa rabo: Rigby, da Holland & Holland, da Westley Richards su ne a gaba, mai kyau a cikinsu takan kai dubban fam a gwanjo, ta Army & Navy tana bayansu, gyararriyar ta soja kuma tana can ƙasa. Amma lafiyar jiki takan rinjayi suna. Ka cire sakatar ka ɗaga bututun saitin haske. Albarushin wancan zamani, kodayit, zafi gare shi, yana cinye maƙogwaron bututu, ƙyastun harsashin kuma yana barin gishiri mai jawo tsatsa in ba a wanke da ruwan zafi ba. In layukan ciki sun yi kaifi tun daga farko, madalla. In sun lafe, ciki ya yi baƙi da ramuka, rabin kuɗin ya tafi ko fiye.

Ka duba icen a wuyansa, bayan gidan sakata, nan hunturunmu yake tsaga shi. Ka duba ko an yanke gindin don ya dace da gajeren mutum, ko an huda ƙarfen don ɗora madubin hange, ko an sake yi mata baƙi. Wadda aka sake wa baƙi za ka ga bakin haruffan ya yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi. A hotonka na ga 'yan faifan saiti masu kwanciya suna nan, da ƙahon da ke ƙarshen icen gaba, wannan ya yi mini daɗi. Na kuma ga an naɗe wuyan da ɗanyar fata. Ka bar ta yadda take. Gyaran maharban ƙasar nan ne, kuma sai mun ga abin da ke ƙarƙashinta tare.

In duk wannan ya kammala, sai mu nemi irinta sak a sakamakon gidajen gwanjo irin Holts na Ingila, mu dubi kuɗin da aka sayar, mu ƙyale wanda mai kaya ya yi fata. Ko shi ma ka gaya masa kuɗin can ne. Fitar da bindiga daga ƙasar nan sai da izinin hukuma, kuma a nan gida masu lasisin riƙe irinta ba su da yawa, don haka abin da zai iya shiga aljihunsa zai yi ƙasa da abin da ya gani a waya.

Ka tambaye shi ko akwai akwatinta, ko wata tsohuwar wasiƙa, ko hoton kakan da ita, ko da gara ta ci rabi. Ka turo mini hotunan ƙarƙashin bututun gobe da hantsi, ni kuma in Allah ya yarda ranar Asabar ina shago.