Ina zan taɓa na'urar da hannuna?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fizis a nan Katsina, amma na'urar gano tururin nukiliya a littafi kawai nake ganinta. Ina zan koya? Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ɗana, ba sai ka haye teku ba. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi (CERT) ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana da injin nukiliya na bincike tun 2004. Ka sa malaminka ya rubuta maka takardar neman shiga. In ka samu shiga, fara da na'urar Gaiga mai ƙirga tururi, sannan ta sodiyam ayodaid mai auna ƙarfinsa: ɗora siziyam-137, sinadari mai fitar da tururi, ka nemo da kanka tsinin da yake yi a jadawalin na'urar a 662 keV, wato ƙarfin tururinsa. Ni kwana uku na yi ina lalube, ashe wayar na'urar ce ta saki! Bajen da ake maƙalawa don auna tururin da jiki ya sha kuwa, kada ya bar ƙirjinka.