Tambaya da Amsa: Kafin Kamfani Ya Sayi Manhajar Adana Takardu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kamfanin sayar da kayan gini, ofishinmu yana Wuse a Abuja, sitonmu kuma yana Dei-Dei, ma'aikatanmu 24. Takardu sun yi mana yawa, har ta kai idan ana neman rasit ɗin bara sai an wuni ana birkita kabad. Wani dillali ya kawo mana tayin manhajar da ya kira ECM, ya ce za a riƙa biya da dala a kan kowane ma'aikaci duk wata. Shin mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da dillalin ya kawo maka manhajar sarrafa takardu da bayanan kamfani ce, kuma ya kamata ka fara sanin abin da ya bambanta ta da jibge fayiloli a folda, domin shi ne abin da za ka biya wa kuɗi. Irin wannan manhaja tana laƙaba wa kowace takarda bayanai kamar sunan abokin ciniki, kwanan wata da lambar rasit, ta yadda za a same ta cikin daƙiƙoƙi. Tana ajiye duk gyaran da aka yi wa takarda ba tare da goge na baya ba, tana ƙayyade wanda zai gani da wanda zai taɓa, sannan tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe ko ya sauya wani abu da lokacin da ya yi. Abu mafi amfani a wurinka shi ne tana tafiyar da takarda daga hannu zuwa hannu, wato takardar neman biya ta tashi daga mai kula da sito a Dei-Dei ta isa wurin akanta, daga nan ta zo gabanka ka amince, ba tare da masinja ya yi ta zirga-zirga a titin Kubwa ba.

Manyan sunaye a wannan fanni su ne OpenText na ƙasar Kanada, wanda ya sayi manhajar Documentum a 2017, da Hyland na Amurka mai manhajar OnBase, wanda shi ma ya sayi Alfresco a 2020. Akwai Laserfiche, da M-Files da ya samo asali daga Finland, da DocuWare na Jamus. Manyan cikinsu an gina su ne domin bankuna, kamfanonin mai da ma'aikatun gwamnati masu dubban ma'aikata, saboda haka a ganina sun fi ƙarfin bukatarka, daidai ruwa daidai tsaki. Kafin komai ka tambayi wanda yake kula muku da kwamfutoci ko kuna biyan Microsoft 365, domin galibin tsare-tsarensa na kasuwanci suna zuwa da SharePoint a ciki, wato manhajar Microsoft ta adanawa da sarrafa takardu, kuma kamfanoni da yawa suna biyan kuɗinsa ba su taɓa buɗe shi ba.

Batun dala kuwa abin dubawa ne da kyau. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wanda ya ƙulla yarjejeniyar biyan wata-wata da dala ya ga yadda lissafinsa ya ninka ba tare da an ƙara masa komai ba. Ka nemi a rubuta maka farashi da naira na aƙalla shekara guda, sannan ka lissafa kuɗin shekara uku gaba ɗaya. Kuɗin lasisi ɓangare ne kawai, domin akwai kuɗin girkawa, da na horar da ma'aikata, da na sikana mai jan takardu da kanta, da ladan waɗanda za su zauna su ɗauki hoton tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya suna sa musu suna. Wannan aiki na ƙarshe shi ne yake cin lokaci fiye da kowanne, kuma ba lallai ba ne a ɗauki komai. A fara da takardun shekara shida na baya-bayan nan, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye bayanan kuɗi na tsawon wannan lokaci.

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Dillali zai nuna maka manhajar da takardunsa masu tsabta waɗanda aka buga da kwamfuta, alhali naka sun haɗa da webil ɗin da direba ya ninke a aljihu, da rasit ɗin da aka rubuta da biro, da kwafin kabon da ya dushe. Ka ba shi takardu 200 daga cikin naku, ya girka muku manhajar na wata guda a sashen akanta kawai. Fasahar da ke karanta rubutu daga hoto tana ƙoƙari a kan bugun inji, amma tana yawan kuskure a rubutun hannu, kuma idan kuna rubuta wasiƙu da Hausa ka gwada ta da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ. Ka kuma gwada ta a wayar mai kula da sito a lokacin da intanet ya yi rauni, domin a can ne za a fi bukatarta.

Tambayar da nake so ka fi dagewa a kanta ita ce yadda za ku fita idan kun fasa. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Wasu manhajojin suna mayar maka da takardunka a jibge da sunayen lambobi marasa ma'ana, an raba su da bayanan da aka sha wahalar shigarwa. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa takardun da bayanansu mallakar kamfaninka ne, za a ba ku su a tsarin PDF tare da jadawalin bayanansu, kuma a faɗi kuɗin da kwanakin da hakan zai ɗauka. Ka ma sa dillalin ya yi fitarwar a gabanka lokacin gwaji.

Ta fuskar doka, fayilolinku suna ɗauke da lambobin NIN da asusun bankin ma'aikata da na abokan ciniki, don haka Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku. Ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, ta kuma bukaci a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, saboda haka ka tambayi dillalin ƙasar da rumbun ajiyar bayanan manhajar yake. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta bisa wasu sharuɗɗa, amma duk da haka takardun fili da manyan yarjejeniyoyi ka adana na asalinsu a sef.

Tambaya: Malam, makarantarmu tana Jos, ba mu da ƙarfin biyan kuɗin wata-wata. Akwai ta kyauta?

Amsa: Akwai, Malama. Nextcloud da Paperless-ngx da Mayan EDMS duk ana sauke su kyauta a girka a kwamfutar makaranta, kuma Paperless-ngx ta fi sauƙi ga ƙaramin ofis. Sai dai nauyin kula da ita ya dawo kanku: inbata ko sola domin ɗaukewar wuta, kariya daga ƙurar hunturu, da wanda zai riƙa sabunta ta. Ku ajiye kwafi uku na bayanan, ɗaya daga ciki a wajen harabar makarantar, sannan duk ƙarshen zangon karatu ku gwada dawo da fayil ɗaya daga wannan kwafin ku tabbatar yana buɗewa.