Ku Tambayi Anti: Ni 'yar Katolika ce, saurayina na so in koma cocinsu

TAMBAYA: Anti sannu da aiki. Ni 'yar Katolika ce, babana katekis ne, wato mai koyar da addini a coci, shekara da shekaru, saurayina kuma ɗan cocin ECWA ne. Tun da maganar aure ta taso ƙannensa ke ta zuwa mini wa'azi wai sai na karɓi Yesu an sake mini baftisma don wadda aka yi mini ina jaririya ba ta ƙirgu ba. Babana kuma ya ce in na bar coci kar in ƙara kiransa baba. Ko barci ba na iyawa, me zan yi? Daga wata 'yarki a Kafanchan.

AMSA: 'Yata, sannu, abin da ciwo. Ki fara gane cewa babanki da mutanen saurayinki ba abu ɗaya suke nufi ba in sun ce "barin coci". A wajen yawancin 'yan Furotesta mutum ya tashi daga ECWA ya koma Baftis ko COCIN kamar sauya unguwa ne, in dai ana wa'azin bishara ana riƙe da Littafi Mai Tsarki to shikenan. Katolika kuwa ta ɗauki kanta ikilisiyar da Almasihu ya kafa a kan Bitrus, don haka mai fita ya bar Misa da ikirarin zunubi gaban fada (limamin Katolika) da jikin Almasihu ne gaba ɗaya. Babanki ya tsufa yana koya wa yara wannan a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kowace Asabar, tsoro ne ke cinsa ba ƙiyayya ba, ko da yake maganar da ya faɗa miki ta yi nauyi ƙwarai.

Maganar baftisma kuma, 'yan ECWA waɗanda suka ba da gaskiya da bakinsu ne suke nitsarwa a ruwa, shi ya sa ba sa ƙirga ta jarirai. Katolika ba ta maimaita baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko a wata coci aka yi ta, kuma tun babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965 take kiran sauran Kirista 'yan'uwa. Ni dai gaskiya ba na jin daɗin a zo wa yarinyar da ta tashi da rosari a hannu ana mata wa'azi kamar ba ta taɓa jin sunan Yesu ba, ga ƙauyukan da ko mai bishara ɗaya babu.

Sannan ba dole sai kin fita za ki aure shi ba. Dokar Katolika ta yarda da irin wannan aure in bishop ya ba da izini, sai dai za ki yi alkawarin yin iya ƙoƙarinki a yi wa yaranku baftisma su tashi a Katolika, kuma dole a sanar da saurayin wannan alkawari tun kafin ɗaurin aure. A nan ne ake yawan samun rikici, don haka ku yi maganar yara yanzu, kar ku bari sai ranar suna.

Ki je wajen fadanku, ki kuma nemi fastonsu ke da saurayin, ba da ƙannensa ba. Ki tambayi saurayin kai tsaye, in kin zauna a Katolika zai aure ki ko ba zai aure ki ba? Babanki kuwa kar ki tunkare shi ke kaɗai, ki ɗauki gwaggonki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ku je tare da yamma bayan ya ci abinci.