Amsa ga Yaya kan maganar katin zaɓe

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari muryar da ka turo jiya da daddare, inda ka ce 'yan siyasa duk kanwar ja ce, kai ka jefa katinka cikin durowa, ba za ka sake shan rana a layi don wani ya hau kujera ba. Allah ya huci zuciyarka, amma ka yi min haƙuri, ban yarda ba.

Takaicin da kake ji gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da kwanon masara suka koma. Ba wanda zai ce maka ƙarya kake.

To amma ka duba lissafin nan. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su wuce miliyan 25 ba. Shugaban ƙasa ya hau da ƙuri'ar da ba ta kai miliyan 9 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ka gane? Mafi yawanmu muna gida ranar. Kuma wallahi ɗan siyasa ba ya baƙin ciki da zamanka a gida, murna yake yi, don in mutum ɗari kaɗai suka fito a akwati, sayen su bai da wuya. In dubu ne suka fito, taliyarsa ba za ta kai ba.

Maganar cewa ƙuri'a ba ta aiki kuma, ai mun gani da idonmu. A 2003 Kwankwaso yana kan kujera Malam Shekarau ya kayar da shi a Kano. A 2015 Jonathan yana shugaban ƙasa, da soja da 'yan sanda a hannunsa, ya faɗi, har ya buga wa Buhari waya. A 2023 Matawalle yana gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya kayar da shi. Ko waɗanda suka hau sun kyauta ko ba su kyauta ba, wannan wata magana ce. Abin da nake nufi, mutane ne suka kasa, suka tsare, suka raka, shi ya sa aka kasa murɗewa.

Yanzu bari in zo kan namu laifin, don shi ne ya fi ci min rai. Ranar zaɓe ku tsaya bayan makarantar firamare ku gani. Mota ta faka, an buɗe but, ana miƙa wa mata taliya biyu da sabulu, wata da goyo a baya tana ɓoyewa cikin hijabi. Ban zage ta ba, yunwa ce. Amma wa ya jera su? Wa ya rubuta sunayen? Yaran unguwarmu ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu, kuma da yamma mu zauna da su a majalisa ba wanda ya ce musu kanzil.

Sannan ku je ƙofar gidan kansila da sassafe. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu yana neman ragon suna, wani kuɗin haya. A cikin layin nan kaf ba za ka ji wanda ya zo tambayar me ya sa asibitin sha-ka-tafi ba magani, ko me ya sa ajin 'yan aji uku ba rufi tun damina ba. In ya hana mu, mu ce marowaci ne, in ya ɗebo na jama'a ya raba mana, mu ce mai alheri. To don Allah mu wane irin shugaba muke rainowa da hannunmu?

Iyayenmu 'yan NEPU da suka bi Malam Aminu Kano an ɗaure su, an yi musu bulala, ba taliya ba atamfa, suka jure. Da PRP ta ci Kano a 1979, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talakan da ya daina gudun mai karɓar haraji ba zai ce maka duk ɗaya ne ba.

Na san za ka ce zaɓen ƙaramar hukuma ai gwamna ke naɗa nasa. Haka ne, jam'iyya mai mulki kan kwashe kusan komai. Amma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma in mun yi shiru, a takarda hukuncin zai tsaya. Ciyaman dai muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wajen jana'iza, ba Abuja yake ba.

Saboda haka ga shawarata. Ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidan mai unguwa, mu rubuta takarda ɗaya kan maganin asibiti da rufin makaranta, kowa ya sa hannu, mu kai sakatariya mu goma ko ashirin, a buga mana hatimi a kwafinmu. Kada kowa ya roƙi ko sisi. Yaya, kai ka fi mu iya tsara magana, kai muke so ka karanta ta a gaban ciyaman. Wanda zai zo ya rubuta sunansa a nan. Na gode, sai na ji ku.