Amsa ga Baffa: Yadda Hausawan Alƙahira Ke Ci Da Zama

Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa gare ku da dukan mutanen gida a Argungu, na samu saƙonku game da ƙanena da kuke shirin turowa karatu Azhar, da tambayar da kuka yi ko gaskiya ne Hausawan Masar sun bar tuwo sun koma cin gurasa da wake, kuma ko yaron da ya tashi a kan tuwon shinkafa da kifin gulbi zai iya wannan zama. Na ga ya dace in amsa a fili, domin iyaye daga Jega da Gwandu da Birnin Kebbi suna yawan yi mana irin wannan tambaya.

Akwai gaskiya a abin da aka faɗa muku. Da safe, abin da ɗalibi zai samu a kowane lungu shi ne ful, wato wani wake mai faɗi da ake kwana ana dafawa a tukunya mai ƙaramin baki har ya narke, a zuba masa mai da gishiri da lemun tsami, a ci da gurasar da suke kira aish baladi. Kusa da mai ful akwai mai ɗa'amiyya, wadda ɗan Kebbi zai ɗauka ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Da rana kuwa koshari ne abincin mai ƙaramin ƙarfi: shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) a kwano ɗaya, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama. Abincinsu ba shi da yaji sai wanda mutum ya ƙara da kansa, kuma wannan ne ya fi damun sabon zuwa. A ganina, yaron da ya ƙi waɗannan abubuwa aljihunsa yake cuta, musamman tun watan Maris na 2024 da darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kusan 31 a kan dala zuwa kusan 50, kayan masarufi suka tashi. Gurasar da gwamnati ke tallafa wa ma ta 'yan ƙasa ce masu katin rabo, baƙo kan sayi tasa a farashin kasuwa.

Amma tuwo bai bar gidajenmu ba. Shinkafar da ake nomawa a ƙasar nan gajera ce mai danƙo, tana tuƙuwa ba tare da wahala ba, har ina iya cewa duk wanda ya ci tuwonta ba zai yi kewar ta fadamar gida sosai ba. Miyar da Misirawa suka fi alfahari da ita, mulukiyya, lalo ne da muka sani, suna dai yanka shi ƙanana su soya masa tafarnuwa. Kuɓewa tana nan, karfasa ma tana da araha domin kiwonta ake yi da yawa, kuma idan ka saya kana iya miƙa wa mai gashi ya gasa maka a kan ɗan kuɗi kaɗan. A shagunan masu sayar da abin sha zai tarar da zoɓo da tsamiya da goruba da ruwan rake. Abin da muke nema ruwa a jallo shi ne kuka da daddawa da manja da gero. Wani lokaci mukan dace a shagunan 'yan Sudan, waɗanda suka ƙaru bayan yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023, amma yawanci sai a jakar matafiyi suke iso mana. Kifin da zan ce ya yi hattara da shi shi ne fasik, wanda ake jiƙawa da gishiri har ya tsumu, domin hukumomin lafiyarsu ma kowace shekara sai sun yi gargaɗi a kansa.

Game da zaman kansa, ɗaliban da suka samu gurbi suna zaune a Madinatul Bu'us, masaukin da Azhar ta tanadar wa baƙi, sauran kuma sukan haɗa kuɗi su kama haya, da yawansu a unguwar Hayyul Ashir cikin yankin Madinatu Nasr. A irin waɗannan gidaje girki karɓa-karɓa ne, kowa da ranarsa, kuma a kwano ɗaya ake ci. Idan sabon ɗalibi ya sauka, waɗanda suka riga shi ne ke tarbarsa, su raka shi neman takardar iƙama, wato izinin zama a ƙasar, su koya masa Larabcin kasuwa, wanda ya sha bamban da na littattafan da ya karanta a zaure. Mu masu iyali mukan buɗe ƙofa ranar Juma'a, tunda nan Juma'a da Asabar ake hutu, a tuƙa tuwo, a kira samari su ci su ƙoshi. A wurin wannan zama ne ake gane wanda ba shi da lafiya da wanda kuɗin haya ya gagara, a yi masa karo-karo tun kafin ya buɗe baki, shi ya sa nake ba kowane uba shawarar ya umarci ɗansa da kada ya ware kansa. Mutanen yankinmu ba yau suka fara wannan ba, domin tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki ga ɗalibansu a birnin nan. Da azumi kuma masu hali sukan jera tebura a bakin titi don buɗa baki kyauta, ba a tambayar mutum daga ina ya fito.

Roƙona gare ku, Baffa, shi ne ku sa Inna ta koya masa tuƙa tuwo da kaɗa miya kafin ya taso, domin yaron da bai iya girki ba nauyi yake zama ga abokan zamansa, ko da ba su faɗa ba. Kada a cika masa jaka da shinkafa. A ba shi kuka da daddawa da yaji da busasshen kifi, a ɗaure su da kyau, a haɗa masa da rigar sanyi mai kauri, domin daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Alƙahira yana shiga har cikin ɗaki. Idan an tsayar da ranar tafiya ku sanar da ni, ni da kaina zan je filin jirgi in ɗauko shi.