Ba ni da ƙanjamau, ta yaya fangas ya shiga huhuna?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan da na kammala maganin tarin TB, amma tarin ya dawo, wani lokaci har da jini, ga rama da kasala. An gwada kakina ba a ga TB ba, ƙanjamau ma ba ni da ita. Yanzu ana zargin fangas ne a huhuna. Ashe ba masu ƙanjamau kaɗai yake kamawa ba?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A'a, ba su kaɗai ba ne. Ƙwayar da ake zargi a irin yanayinka sunanta Aspergillus, funfuna ce da ke cikin ƙura da ruɓaɓɓen ganye da hatsin da ya sha danshi. Kowa na shaƙar ta kullum, huhu mai lafiya kuma yana share ta. TB kan warke ya bar rami a huhu, sai funfunar ta samu wurin zama. Wani lokaci takan dunƙule ta zama ƙwallo, a hoton CT ana ganinta zaune a cikin ramin, in majinyaci ya juya ita ma ta gangara. Jinin da kake gani daga jijiyoyin bangon ramin yake fitowa.

Masu ciwon suga da bai daidaita ba, masu asma, masu shan maganin kansa, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu daɗewa kan magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone, duk suna cikin haɗari. An ga haka a Indiya a 2021, lokacin da wata cutar fangas daban mai suna mucormycosis ta addabi masu korona.

Abin da ya fi damuna shi ne a mayar da mutum kan maganin TB don kawai alamomin sun yi kama. Ɓata lokaci ne, kuma rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan TB, yana karya ƙarfin itraconazole, wanda shi ne maganin fangas da aka fi fara bayarwa. Ka nemi a yi maka CT na ƙirji da gwajin jini na Aspergillus IgG. In ya tabbata, itraconazole ko voriconazole ake sha, aƙalla wata 6, ana duba hanta lokaci-lokaci. Ƙwallo ɗaya a huhu mai sauran ƙarfi kuwa ana iya cire shi da tiyata.

Idan jinin ya ƙaru ko numfashi ya fara yi maka wuya, ka tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.