Ɗan sanda a Birtaniya zai iya duba bayanan maƙwabcinsa a rumbun PNC?

Kin tambaya ko yana da wannan damar. A'a, sai da dalilin aiki. Tun 1974 ake amfani da PNC, wato babban rumbun bayanai na kwamfuta na 'yan sandan Birtaniya, kuma kowane jami'i da lambarsa yake shiga, ya saka dalilin binciken. Na'urar tana ajiye sunan da aka duba da lokacin, masu sa ido kuma sukan zaɓo bincike su ce a kawo hujja.

Inda akan samu matsala shi ne leƙen bayanan tsohuwar budurwa ko ara wa abokin aiki lambar sirri. Wannan laifi ne a dokar Computer Misuse ta 1990 (mai hana amfani da kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba) da ta kare bayanai ta 2018, yana jawo kora, har ɗauri. In naki bayanan kike son gani, ki nema a ACRO, ofishin 'yan sanda mai kula da bayanan laifuka, kyauta ne.